Kifin Da Manhajata Ta Kashe

Shekara biyu da suka wuce, wani bawan Allah mazaunin Legas ya neme ni ta WhatsApp. Ya ga bidiyon wata 'yar na'ura da na haɗa mai kunna injin rijiyar burtsatse daga waya, sai ya ce yana da aiki makamancin wannan. A falonsa akwai tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin wajen lita 300, kuma burinsa shi ne duk wanda ya shigo falon, fitilun tankin su kama da kansu, baƙo ya ga kifaye ya riƙe baki. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai wannan aikin yini guda ne." Na ɗauko 'yar kwamfutar nan ESP32, na haɗa mata na'urar jin motsi irin wadda ake sa wa fitilar ƙofar gida, na rubuta kod da bai kai layi hamsin ba. Na ba direba ya kai masa, mai gyaran wutarsa ya ɗaura, ya turo mini bidiyo, ya biya ni. Kowa ya yi murna.

Bayan kwana tara sai ga hoto ya shigo. Wani ɗan kifi ne da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, jikinsa shunayya mai haske, kansa rawaya, ya bushe ƙamas a kan tayil a bayan tankin. Da misalin ƙarfe biyun dare yaronsa ya fito shan ruwa ya ratsa falo, fitilu suka kama gaba ɗaya cikin duhu, kifin ya razana ya yi tsalle, ga shi kuma tankin babu murfi. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Abin da kawai ya rubuto shi ne kifin ya fi wata takwas a wurinsa.

Manhajar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da na rubuta shi ta aikata. Laifina shi ne na tambayi mai gida abin da yake so, ban tambayi kaina wane ne zai zauna ƙarƙashin fitilar ba. Tun daga ranar na shiga karatu kan waɗannan halittu, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: ga kifin zurfin teku, fasaha mai amfani ita ce wadda ke rage masa damuwarmu. Wanda kuma yake son irin wannan kifi don ya samu abin ɗorawa a TikTok, ya yi wa Allah ya bar shi a inda yake.

Daga ina suke fitowa?

Kifin da ya mutu shi ne wanda 'yan kasuwa ke sayarwa da sunan Helfrich's firefish. A tekun Fasifik yake rayuwa, a zurfin da ya fara daga wajen mita 25 har kusan 70. Yini yake yi yana shawagi dab da bakin raminsa, da ya ga wani abu ya gitta sai ya faɗa ciki kamar kibiya. Wannan zabura ita ce ke tsare masa rai a teku. A cikin gilashi kuwa, inda ramin bai wadata ba, ita ce ke cilla shi waje.

Yawancin bidiyon teku da kake gani a waya, masu murjani kala-kala da ruwa garai-garai, a mita 30 na sama ake ɗaukarsu. Ƙasa da nan, daga wajen mita 30 zuwa 150, akwai wani yanki da masana ke kamanta haskensa da na almuru. Ruwa yana shanye hasken rana daki-daki. Ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, sai ruwan lemo, sai rawaya. Shuɗi ne ke jurewa ya sauka ƙasa, shi ma a raunane.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Da yawa daga cikin kifayen wannan zurfi jajaye ne, ko ruwan hoda, ko shunayya. A wurin da babu jan haske, jan kifi duhu-duhu yake fitowa, ya saje da inuwar duwatsu. Ke nan launin da mutane ke zuba kuɗi a kansa, a wurin kifin rigar ɓuya ce. Idan ka sa shi ƙarƙashin farar fitilar LED mai ƙarfi, ka tuɓe masa rigar nan a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa yake shigewa bayan dutse ya ƙi fitowa, wani lokaci ya ƙi cin abinci har ya rame ya mutu, mai shi yana ta ƙara haske wai don ya gano inda ya shiga.

Kuma har gobe ba a gama sanin mazauna wannan yanki ba. A 2019 masana suka sanar da wani sabon nau'i da aka samo a zurfin da ya haura mita 50 a gaɓar Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. Saboda shunayyar jikinsa suka raɗa masa Cirrhilabrus wakanda, don tunawa da ƙasar nan ta fim ɗin Black Panther. A 2022 aka sanya wa wani na tsibiran Maldibs suna Cirrhilabrus finifenmaa, kuma cikin waɗanda suka yi aikin akwai masani ɗan ƙasar, Ahmed Najeeb. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne, kafin masana su gama tantance shi su ba shi sunansa, tuni 'yan kasuwa suna kama shi suna sayar wa masu tankin gida.

Hawan da ke fasa ciki

Kafin ka yi sha'awar mallakar irin wannan kifi, ya kamata ka san wahalar da aka sha kafin ya iso gilashi. Duk mita 10 da ka nutsa a teku, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A mita 60 ya ninka na sama sau bakwai, a mita 100 sau goma sha ɗaya. Galibin kifayen nan suna da wata 'yar jakar iska a ciki wadda ke taimaka musu tsayawa a ruwa ba tare da sun nutse ko sun taso ba. Tun 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan matsi ya ragu, iska tana kumbura daidai gwargwado. Idan aka fizgo kifi daga mita 60 zuwa sama kai tsaye, iskar jakarsa za ta nemi ninkuwa sau bakwai. Idanu su firfito, ciki ya turo ta baki, jakar ma tana iya fashewa.

Masu kamawa suna da dabaru biyu: ko su soka siririyar allura su fitar da iskar, wanda kan bar rauni, ko su riƙa hawa da kifin kaɗan-kaɗan. A 2018 masana daga Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko, tare da gidan kifaye na Monterey Bay, suka wallafa bayanin wata na'ura da suka ƙera mai suna SubCAS. Wani bututu ne da ake sa kifi a ciki tun a ƙarƙashin ruwa a rufe, ya riƙe matsin zurfin har a fito da shi, sannan a riƙa sassautawa a hankali cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan ita ce fasahar da ta fi burge ni a duk harkar, kuma gaba ɗayan aikinta hana gaggawa ne.

Mutum ma bai tsira ba. Richard Pyle, masanin kifaye a gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu, yana ɗan shekara 19 a 1986 ya yi nutso mai zurfi a Palau ya taso ba bisa ƙa'ida ba, jikinsa ya shanye, sai da ya sha doguwar jinya kafin ya koma tafiya da ƙafarsa. Shi ne a 1992, tare da John Randall, suka bayyana wa duniya ɗan kifin nan mai ratsin ja da fari na Rarotonga a tsibiran Kuk, wanda ake kira peppermint angelfish. Tsawonsa wajen santimita 7 ne, amma an sha ambatar farashin dala 30,000 a kan guda ɗaya. Wanda ya ji wannan kuɗi zai ɗauka kyau ake saya. Cikin kuɗin har da na kasadar ran mai nutso.

To ka duba, mai karatu. Wani ya sa ransa a haɗari, an ɗauki kwanaki ana rage matsi, an yi dakon kifi a jirgin sama ya tsallaka tekuna, sannan ni da kod ɗina na layi hamsin na gama da shi a dare ɗaya.

Abin da na gyara

Da na koma wa aikin, ban karɓi ko kwabo ba. Abu na farko, na cire na'urar jin motsi na jefa a akwatin tarkace. Na sake rubuta manhajar yadda haske zai fara daga sifili ya riƙa hawa a hankali cikin minti 90 da safe, ya sauka haka da yamma, kuma ko a tsakar rana ba ya kai rabin ƙarfin fitilar, shuɗi ya rinjayi fari. Hakan ya yiwu ne saboda babu murjani mai rai a tankin. Wanda ke kiwon murjanin da ke buƙatar haske mai ƙarfi, sai dai ya gina wa kifin rumfunan dutse masu faɗi, ko ya haƙura da ɗayan biyun.

Ina cikin gwaji na gano wata matsala ta biyu da ta fi ta farko muni. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urar ba ta sanin ƙarfe nawa har sai ta hau intanet, kuma kafin nan fitilu a cike suke kamawa. A ƙasar da ake iya ɗauke wuta sau da yawa a dare ɗaya, ka ga tarko na ɗana. Na ƙara ɗan agogon DS3231 mai batirinsa, na kuma kafa doka a cikin kod ɗin: duk lokacin da na'ura ba ta tabbatar da lokaci ba, ta zauna a duhu. Idan kana da fitilar tanki ta kanti mai aiki da manhaja, gwada ta yau. Zare filogi da rana, ka mayar, ka ga yadda take farkawa.

Sauran gyare-gyaren ba su da alaƙa da kod, kuma sun fi nawa muhimmanci. An sa murfin raga a saman tankin, wanda kuɗinsa bai kai na datar wata guda ba, kuma da yana nan tun farko da kifin bai mutu ba. An ƙara duwatsu aka yi koguna da lunguna. Masu kiwo sun daɗe da sanin wani abu mai kama da almara: gwargwadon yawan maɓoyar kifi mai kunya, gwargwadon yawan fitowarsa. Idan ya san rami na kusa, sai ya saki jiki. Haka nan shi ake fara sawa a tanki kafin masu rawar kai, kuma ba a haɗa shi da mafaɗata ko masu wawar abinci. Ana ba shi ƙananan jatan lande daskararru, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, a zuba kusa da bakin raminsa a ja da baya.

Kyamara ma tana da wurinta, in dai babu filasha. Mun ɗaura ƙarama irin ta tsaro mai gani a duhu, ta yadda mai gida zai duba a wayarsa ko kifi ya ci abinci ba tare da ya manna fuska a gilashi ba. Bahaushe ya ce kifi na ganinka, mai jar koma. Inuwar mutum kaɗai ta isa ta mayar da shi rami.

Zafi da wuta

Ga wanda ke karanta wannan daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana lissafin kuɗi a ransa, akwai maganar da dole in faɗa. Tankin ruwan gishiri ana riƙe shi ne a digiri 24 zuwa 26, wasu kifayen zurfi ma sun fi son ƙasa da haka kaɗan. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Sai da na'urar sanyaya ruwa, ita kuma mai shan wuta ce. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, ruwan gishiri kuma bai kai ruwan daɗi riƙe ta ba. Idan famfo ya tsaya a daren bazara, cikin 'yan awanni kifi zai fara haƙi. Wanda ba shi da inbata da batir da sola da za su ɗauki tankin dare da rana, kashe kifin kawai zai yi, sai dai ranar ce bai sani ba.

Ga kuma gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da wajen giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ake zubawa ba, haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi. Ruwan da za a dama shi sai an tace shi da matatar RO. A zafinmu ruwa yana tururi ya tafi kullum, gishirin kuma ya zauna, don haka sai ana cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Kafin ma a sa kifi, sabon tanki yana buƙatar sati huɗu zuwa shida don ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniyar kashin kifi su zauna da gindinsu. Babu manhajar da ke gajarta wannan jira.

A nan ne na'urori ke da amfani na gaske. Akwai na kamfani irin su Apex na Neptune Systems da ProfiLux na GHL, akwai kuma reef-pi, manhajar kyauta da ke aiki a kan Raspberry Pi ga mai son haɗa nasa. Ma'aunin zafi na DS18B20 mai shiga ruwa ba shi da tsada. Sai dai ka tabbata gargaɗin bai dogara da intanet kaɗai ba. Ranar da wuta ta tafi, na'urar Wi-Fi ma ta tafi da ita, saƙon da kake jira ba zai zo ba. Ƙararrawa mai batir da ɗan famfon iska mai batir sun fi kowane kyakkyawan shafi a waya.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce kuɗinsa ne, kuma kifi ne kawai, ai kullum muna cin tarwaɗa da karfasa. Gaskiya ne muna ci. Amma wanda ya kama don abinci ya san abin da yake yi. Wanda ya ɗauko rai ya kulle a gilashi don ya riƙa kallo, amana ya ɗauka, tunda daga iskar da kifin zai shaƙa har hasken da zai gani duk sun koma hannunsa.

Wani kuma zai ce masu kiwon gida sun taimaki ilimi, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Abubuwa da dama game da yadda kifayen nan ke ci da hayayyafa, a gilashi aka fara ganinsu, domin mai nutso 'yan mintoci kawai yake samu a irin wannan zurfi. Daga nan ne aka kai ga ƙyanƙyashe wasu nau'o'i a gona. Misali shi ne ɗan rawayan kifin kogo na Ostireliya, Assessor flavissimus, mai iyo a kife ƙarƙashin rufin dutse, wanda yanzu ake samun haifaffen tanki. Ban ce a hana kiwo ba. Na ce wanda zai saya ya tambaya ko an haifi kifin a gona ne ko daga teku aka ciro shi, ya zaɓi na gona duk inda ya samu. Ya saba da gilashi, ya saba da abincin da za ka ba shi, kuma ba a soka masa allura ba.

Na uku zai ce to mene ne amfanin kifin da ba a gani? Wannan tambaya ita ce ma'auni. Idan ba za ka iya zama shiru minti ashirin a ɗaki mai duhu-duhu kana jiran ɗan kai ya leƙo daga rami ba, wannan kifi ba naka ba ne, kuma babu abin kunya a ciki. Akwai kifayen ruwan daɗi irin su gofi da ke son a kalle su, suna jure kuskuren ɗan koyo.

Shawarata ga ɗan'uwana mai son haɗa na'urori

Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida: ba a gwada sabon kod a kan masu amfani na gaske. Ni na karya ta, wani ya biya da ransa. Idan da gaske kake, haɗa tankinka, cika shi da ruwa, ɗaura ma'aunan zafi da fitilu, ka bar shi babu kifi tun daga Maris har ƙarshen Mayu. Ka sa na'urar ta riƙa rubuta zafin ruwan kowane minti biyar. A ƙarshe ka buɗe bayanan ka duba. Idan akwai daren da ruwan ya kai digiri 30, ka samu amsarka ba tare da ka kashe komai ba.

Shi mutumin Legas bai sake sayen irin wancan kifi ba sai bayan wata shida, da muka tabbatar komai ya daidaita. Kwanakin baya ya turo mini bidiyo na daƙiƙa goma sha biyu daga kyamarar nan. Hoton dishi-dishi ne, ba zai samu ko mutum goma masu dannawa a intanet ba. A ciki ɗan kifin ya fito daga ƙarƙashin dutse, ya tsaya cak a ruwa, ya cafke abinci, bai gudu ba. Cikin duk ayyukan da na yi tun da na fara koyon kod a wayar yayana, babu sakamakon da na maimaita kallo kamar wannan.